Dodo Ya Bar Tatsuniya Ya Shiga Waya: Abin Da Ya Kamata Sabon Ɗan Wasa Ya Sani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Dodo tun kafin ya san baƙi da wasali. A bakin kakanni muka fara jin labarinsa da dare bayan an ci tuwo, wani lokaci yana bakin kogi yana tare 'yan mata masu ɗiban ruwa, wani lokaci kuma yana cikin kogon dutse yana gadin dukiya. To, a wannan zamani Dodo ya yi ƙaura. Ya bar dandali ya koma cikin wayar hannu, kuma yaran da a da suke sauraron yadda wani jarumi ya ƙare da shi, yanzu su ne da kansu suke shiga raminsa da takobi a hannu.

A garin Azare, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum ta Jihar Bauci, inda ɗalibai suke da yawa saboda Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da kuma Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau nan kusa, wasan bidiyo ba baƙon abu ba ne. A gidajen gem ƙwallon ƙafa ce sarauniya, kamar yadda take a sauran garuruwan Arewa. Amma akwai wani nau'in wasa dabam wanda ba ya bukatar gidan gem ko janareta ko abokin karawa, watau wasan shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa a yi ta fama da dodanni hawa bayan hawa.

Wannan wasa ba ya tausayin baƙo. Wanda ya saba da ƙwallo, inda saurin yatsa yake ba da nasara, in ya shigo nan da irin wannan sauri, kafin ya gane inda ya dosa ɓera ko ƙaguwa sun gama da shi. Daga nan sai ya goge wasan ya ce ai ba a cin sa. Alhali kuwa ana cin sa, kuma abin da ake cin sa da shi tsohon ilmi ne a wurin mutumin Katagum, watau tanadin guzuri irin na fatake da zaɓen wurin yaƙi irin na magina ganuwa.

ASALIN WASAN

Tushen irin wannan wasa ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda ake yi a kan tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa irin na ludo. Mutum ɗaya yake ba da labarin kurkukun da dodannin da ke ciki, sauran kuma kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. Kusan a ce tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da ta cewa a cikinta.

A shekarar 1980 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, Michael Toy da Glenn Wichman, suka ɗora irin wannan tunani a kan kwamfuta, suka sa wa wasan nasu suna Rogue. A lokacin kwamfutocin jami'a ba su nuna hoto, saboda haka haruffan boko ne suke tsayawa a matsayin dodanni. Sai dai sun kafa dokoki biyu waɗanda har yau ake bin su. Ta farko, duk sa'ad da aka fara wasa sabuwar taswira ake zanawa, don haka haddar hanya ba ta da amfani. Ta biyu, in jarumi ya mutu ya mutu ke nan, sai a koma farko da hannu wofi. Daga wannan tsatso ne aka sami NetHack a 1987, da Diablo a 1997, da Pokémon Mystery Dungeon na ƙasar Japan a 2005, kowanne ya ɗauki wani abu daga gadon ya bar wani.

Wanda za mu kafa misali da shi a wannan maƙala shi ne Shattered Pixel Dungeon. Asalinsa wani wasan waya ne mai suna Pixel Dungeon da wani mai kiran kansa Watabou ya fitar a 2012. Da ya saki tsarin rubutunsa ga kowa da kowa a 2014, sai wani ɗan ƙasar Kanada, Evan Debenham, ya ɗauka ya sake gina shi, ya kuma ci gaba da yi masa gyare-gyare shekara da shekaru. Mun zaɓe shi ne domin ya dace da aljihun ɗalibi: a wayar Android kyauta ake sauke shi, ba ya cin wuri, ba ya sako talla, kuma da zarar an sauke shi ba ya bukatar intanet. Dabarun da za a ambata kuwa suna aiki a yawancin 'yan'uwansa.

YADDA KURKUKUN YAKE

Kurkukun yana da hawa 25 waɗanda ake bi ƙasa-ƙasa ta matakala, sa'an nan a hawa na 26 a tarar da abin da aka shigo nema, watau Layar Yendor, sunan da aka gada tun daga Rogue. An raba hawayen gida biyar, kowane gida hawa biyar. Na farko magudanar ƙazantar birni ce, na biyu gidan yari, na uku ramukan haƙar ma'adinai, na huɗu tsohon birnin wadanni, na biyar kuma zaurukan ifiritai. A ƙarshen kowane gida akwai babban dodo mai tsaron matakala, wanda yara suke kira bos kamar yadda suke kiran mugun cikin fim: Goo a hawa na 5, Tengu a na 10, wani injin ƙarfe mai suna DM-300 a na 15, Sarkin Wadanni a na 20, sai Yog-Dzewa a na 25.

Jarumi yana farawa da jini 20 da ƙarfi 10. Duk sa'ad da ya kashe dodanni har ya ƙara mataki, jininsa yana ƙaruwa da 5. Akwai jarumai iri-iri, kamar matsafi mai sandar sihiri da ɗan sane da maharbiya mai kwari da baka, amma sabon shiga da barde zai fara, kuma hakan alheri ne a gare shi, domin barde ya fi jure duka, yana da duwatsun jifa, kuma tun daga farko ya san kwalbar maganin warkarwa in ya gan ta.

WASAN ƊAN'UWAN DARA NE

Abu na farko da mai karatu zai sa a ransa shi ne, wannan wasa ɗan'uwan dara ne. Masu dara a gindin bishiya, da gurabensu 30 da 'ya'ya 12 kowanne, ba wanda yake motsa ɗa sau biyu a jere, sai abokinsa ya motsa nasa. Haka abin yake a nan. Muddin ba ka taka ba, babu dodon da zai taka. Ko da maciji yana gab da kai, kana iya ajiye wayar ka je ka ci abinci ka dawo, za ka tarar da shi inda ka bar shi.

Saboda haka duk lokacin da wani sabon abu ya bayyana a fuskar waya, sai a ɗage yatsa a yi tunani. A ƙasan allon akwai alamar gilashin dubawa. In aka taɓa ta sa'an nan aka taɓa dodo, wasan zai faɗi ko wane ne shi da irin halinsa, kuma wannan dubawa ba ta cin ko taku ɗaya. In kuwa aka taɓa ta sau biyu, jarumin zai lalube wurin da yake tsaye don gano ɓoyayyiyar ƙofa ko tarko, abin da yake da amfani ƙwarai in an zagaye hawa duka ba a ga matakala ba.

Yawancin mutuwar sabon shiga tana zuwa ne a cikin taku uku ko huɗu da aka yi a jere ba tare da an kalli jini ba. Mutum ya kai sara bai samu ba, ya sake kaiwa cikin fushi, ya sake, sai ya ga allo ya yi duhu. Kafin kowane sara ya kamata ya san jininsa nawa ne, abokan gaba su nawa ne, kuma ina ƙofa mafi kusa take.

DARASI DAGA GANUWAR KATAGUM

Maganar ƙofa ita ce zuciyar wannan wasa, kuma tarihin ƙasar Katagum ya isa ya bayyana dalili. Malam Zaki ne ya kafa tsohon birnin Katagum a farkon ƙarni na 19. A watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso birnin a kan hanyarsa daga Barno zuwa Kano, ya kuma bayyana cewa ya tarar da shi kewaye da ganuwa biyu na jar ƙasa da gwalalo uku, da ƙofofi huɗu kacal. Ko da yake fadar sarautar ta koma Azare a 1916, hikimar waɗanda suka yi wannan gini ba ta tsufa ba. Sun san cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a fili ne kawai. Runduna komai yawanta, in ta iso bakin ƙofa dole ta tsuke, mai tsaro kuma ya fuskanci kaɗan daga cikinta a lokaci guda.

A cikin wasan, jarumin da ya tsaya a tsakiyar ɗaki ana iya kewaye shi ta gefe takwas. Wanda ya ja da baya ya shiga lungu kuwa, dodo ɗaya ne kawai zai iya isa gare shi, sauran su yi layi a baya. Wannan ya fi muhimmanci in an haɗu da gungun ƙudajen magudana, waɗanda duk sa'ad da aka sare su sai su rabu biyu. A fili nan da nan za su rufe mutum, a lungu kuwa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa tana da wani amfani na biyu, watau kwanton ɓauna. Dokar wasan ita ce, saran da aka kai wa dodon da bai ga mai saran ba ba ya kuskure. Macijin hawa na farko jininsa kaɗan ne, amma ya iya kauce wa takobi, har mutum ya yi ta sara yana dukan iska alhali macijin yana cizonsa. Maganinsa shi ne a ja shi zuwa ƙofa, a wuce ta, a tsaya daf da ita ta ɗaya gefen har ƙyauren ya rufe. Da zarar ya turo kai cikin ƙofar sai a kai masa sara, ba zai iya kaucewa ba. Haka kuma dodon da aka tarar yana barci, saran farko a kansa tabbatacce ne in bai farka ba.

Daga gidan yari zuwa ƙasa za a fara haɗuwa da masu harbi daga nesa. Kuskure ne a nufe su kai tsaye a fili, domin kowane taku harbi ne. Sai a laɓe a bayan kusurwa ko bayan ƙofa, su da kansu za su biyo sawu har su zo inda takobi zai kai. Shi kuwa dodon da ba ya harbi, in an hango shi daga nesa yana tahowa, sai a tarye shi da duwatsun jifa kafin ya iso, bayan an gama a tsince su.

LISSAFIN GUZURI

Azare tana kan babbar hanyar da ta haɗa Kano da Barno, kuma mutanen wannan yanki sun san cewa madugun kirki ba ya tashi daga zango sai ya lissafa abin da zai kai ayarinsa zango na gaba. Kurkukun nan ma da lissafi ake ratsa shi, domin jarumi yana jin yunwa. Bayan taku 300 alamar yunwa za ta fito, in aka kai 450 ba a ci komai ba sai jini ya daina ƙaruwa da kansa ya fara raguwa sannu a hankali. Wasan yana ajiye abinci guda ɗaya a kowane hawa na yau da kullum, wanda ya nuna cewa an auna guzurin daidai da tafiyar, ba a bar rarar da za a yi almubazzaranci da ita ba.

Daga nan dokoki biyu suke fitowa waɗanda suke kama da masu karo da juna. Kada a daɗe a hawa ɗaya ana kwance ana jiran jini ya cika, domin abinci ne yake ƙonewa, kuma sababbin dodanni suna ci gaba da fitowa. Sa'an nan kada a ruga a sauka da zarar an ga matakala, domin kayan da za su ƙarfafa jarumi suna warwatse a ɗakunan da ba a shiga ba, kuma wanda ya tsallake dodannin sama zai isa ƙasa da ƙaramin mataki. Abin da ya dace shi ne a shiga kowane ɗaki sau ɗaya, a kwashe abin da ke ciki, a sauka. Abinci kuma kada a ci sai alamar yunwa ta fito.

Jarumi yana ɗauke da salka. In ya tattake doguwar ciyawa, wani lokaci ɗigon raɓa yana faɗowa, salkar kuma tana ɗaukar ɗigo 20. Wannan ruwa magani ne na ranar wuya, saboda haka bai kamata a wuce ciyawa ba a taka ta ba. Game da kwalbar warkarwa kuwa, a sani cewa ba nan take take cika jini ba, a cikin 'yan taku take aiki. Wanda ya jira sai jininsa ya koma 2 ko 3 kafin ya sha, sau da yawa saran gaba yana riga maganin. Babu asarar da ta kai a mutu da kwalba uku a cikin jaka ana yi musu tanadi.

KWALABE DA TAKARDUN DA BA A SAN SU BA

Yawancin kwalaben magani da naɗaɗɗun takardun sihiri da ake tsinta ba su da suna, sai launi ko wata alama, kuma launin yana sauyawa a kowane sabon wasa. Jar kwalbar da ta warkar da kai jiya tana iya zama wuta yau. Akwai masu amfani kamar ta ƙarin ƙarfi da ta ɓacewa daga gani da ta tashi sama, akwai kuma masu cutarwa kamar ta wuta da ta iska mai guba da ta iska mai sandarar da jiki.

Wanda zai gwada kwalbar da bai sani ba, sai ya zaɓi lokacin da babu dodo a kusa kuma jininsa a cike yake. Ya tsaya a cikin ruwa, domin ruwa yana kashe wuta, ya nisanci ciyawa, ya kuma tabbata akwai hanyar fita a kusa ko da guba ce ta tashi. Da zarar an gane kwalba mai cutarwa ta zama makami, sai a adana irinta a jefi taron dodanni da ita daga nesa.

Wasan kansa yana ba da haske ga mai lura. In aka ga ɗakin da aka toshe da katako, to akwai kwalbar wuta a wannan hawa. In aka ga tafki mai kifaye masu cin nama da akwati a ƙetarensa, akwai kwalbar ɓacewa. In aka ga ɗaki cike da tarkuna ko rami mai zurfi da kaya a can gefe, akwai ta tashi sama. Da irin wannan lura ana iya gane kwalba ba tare da an kai ta baki ba. Waɗannan kifaye kuwa kada a kuskura a yi iyo da su, ba su fita daga ruwa amma a cikinsa sun fi ƙarfin sabon jarumi.

Takardu ba a barin su su taru, domin in wuta ta kama jarumi tana iya ƙone su a cikin jaka. Lokacin da ya fi dacewa a karanta wadda ba a sani ba shi ne sa'ad da aka sauka sabon hawa kuma wurin ya yi tsit, saboda in ta zama mai bayyana taswira ce, an ci moriyarta gaba ɗaya.

KWAƊAYI MABUƊIN WAHALA

Makamai da sulke an kasa su daraja biyar, kuma kowace daraja da ƙarfin da take bukata: 10, 12, 14, 16 da 18. Sabon shiga in ya tsinci ƙaton sulken ƙarfe a hawa na biyu sai murna ta kama shi ya saka nan take, bai san cewa kayan da suka fi ƙarfin mai su nauyi ne kawai ba. Sulke mai nauyi yana rage sauri da iya kaucewa, makami mai nauyi kuma yana sa kuskure ya kuma hana saran kwanton ɓauna. Sai a ajiye su a jaka har ƙarfi ya kai. Kwalaben ƙarin ƙarfi guda 2 ne a kowane gida, watau 10 a kurkukun duka, kuma da an same su ake shanyewa.

Abu mafi daraja a wasan shi ne takardar ƙarfafa kaya, wadda take ƙara wa makami ko sulke inganci ta kuma rage masa nauyi. Guda 3 ce a kowane gida, 15 ke nan gaba ɗaya, ba ƙari. Wanda ya raba su, ɗaya a wannan wuƙa ɗaya a wancan zobe, zai isa ramukan ma'adinai ba shi da abu ɗaya mai ƙwari. Gara a tara su a kan sulke ɗaya da makami ɗaya masu daraja waɗanda za a riƙe har ƙarshe, kuma ga sabon shiga sulke ne gaba, domin mai rai shi yake sara. Barde yana da wani hatimi a jikin rigarsa wanda yake iya ɗaukar ƙarfafawa guda ɗaya ya koma da ita kan sabon sulke, don haka takardar farko ba ta ɓaci ba in an sa ta a rigar da ya fara da ita.

Daɗin daɗawa, wasu kayan da ake tsinta an yi musu sammu. In aka saka su sai su manne a jiki su ƙi fita, suna cutar da mai su, har sai an sami takardar karya sammu. Akwatin dukiya ma ba kowanne ne akwati ba, wani dodo ne ya yi shigar burtu yana jiran hannun da zai taɓa shi. Kada a buɗe akwati da ragowar jini.

GOO DA ILMIN JA DA BAYA

Jarrabawar farko ta gaske ita ce Goo, wani baƙin curin yauƙi da ke hawa na 5. Da zarar an fara faɗa da shi hanyar fita takan rufe, saboda haka ba a sauka wurinsa sai da cikakken jini da kwalbar warkarwa. Ruwa yana ƙara masa jini, don haka a jawo shi kan busasshiyar ƙasa. Lokaci-lokaci yakan tsaya yana kumbura, wasan kuma ya nuna wuraren da dukansa zai sauka. Wannan ba lokacin sara ba ne, sai a ja da baya a fita daga wurin har ya sake, sa'an nan a dawo. In yauƙinsa mai ƙuna ya manne a jiki, shiga ruwa yana wanke shi.

Wanda ya wuce Goo zai tarar da kanti a hawa na 6. A nan ne kuɗin da aka tsinta suke amfani, kuma abin da ya fi cancanta a fara saye shi ne maganin warkarwa da abinci.

Darasin Goo yana aiki har ƙasan kurkuku: ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Matakala ma mafaka ce, domin dodon da yake manne da kai ne kawai zai biyo ka, sauran su tsaya a can, ka ga an raba taron. Sai dai a san wanda ake gudu daga gare shi. Ƙaguwar magudana ta ninka jarumi sauri, wanda ya juya mata baya duka kawai zai sha, ita a bakin ƙofa ake tarar ta.

Duk da wannan, mai karatu zai mutu, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, kafin ya taɓa Layar Yendor. Wasan yana ajiye jerin jaruman da suka faɗi, da hawan da kowanne ya kai da abin da ya kashe shi. Wanda yake duba wannan jeri ya tambayi kansa a wane taku ne ya kauce, shi ne yake ƙara nisa a tafiya ta gaba.

DODON DA KE WAJEN WAYA

Akwai dodo guda wanda ba ya cikin hawa 25 ɗin nan, kuma ya fi su duka haɗari ga ɗalibi da ɗan kasuwa da mai koyon sana'a, watau cin lokaci da cin kuɗi. Irin wannan wasa an gina shi ne a kan "bari in sake gwadawa sau ɗaya", kuma da wannan magana ce dare yake rabawa ba a sani ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo a cikin kundinta na cututtuka, kundin da ya fara aiki a 2022. Alamomin da ta bayyana su ne mutum ya kasa iko da lokacin wasansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba da yi ko da ya ga yana cutar da shi, har abin ya ɗauki kimanin watanni 12. Wannan bai shafi mai wasa don hutawa ba, amma ya kamata iyaye da malamai su san alamomin.

Ta fuskar kuɗi kuma, ba kowane wasan da aka ce kyauta ne yake kyauta ba. Da Diablo Immortal ya fito a wayoyi a 2022, an yi ta sukarsa a kan yadda yake jan masu wasa su sayi kayan ƙarfafawa da kuɗin gaske, kuma ba a fitar da shi a ƙasashen Beljiyam da Holan ba saboda dokokinsu game da sayar da akwatunan sa'a masu kama da caca. Duk wasan da ya tsananta wa mutum sa'an nan ya nuna masa inda zai biya ya wuce, ya kamata a yi hattara da shi, musamman in wayar tana haɗe da asusun banki kuma tana hannun yaro.

Wasan da muka yi bayani ba shi da wannan tarko, kuma yana da wata falala wadda ta kawar da kowane uzuri: tun da babu abin da yake motsi sai ka motsa, ana iya rufe shi a kowane taku a dawo gobe a ci gaba daga nan. Saboda haka ɗalibin da jarrabawa take gabansa, ko yaron shagon da maigidansa yake jira, ba shi da hujjar cewa bari ya gama wannan faɗa tukuna. Ya yanke wa kansa iyaka tun kafin ya buɗe, hawa ɗaya ko biyu a zama guda, in ya kai matakala ya kashe wayar. Goo yana nan a hawa na 5, ba inda za shi.